Bayani Kan Amfani da "Participle" a Wasiƙu da Rahotannin Turanci

Kasancewar Turanci shi ne harshen aikin ofis a Nijeriya, kusan duk takardar koke ko rahoton aiki da ke tashi daga Yalwan Damai da sauran garuruwan Birnin Kudu da Gwaram zuwa Dutse, da shi ake rubuta ta. Haka nan ɗalibi ba ya samun gurbi a jami'a sai da kiredit a Turanci, ko a jarrabawar WAEC ko ta NECO wadda aka kafa a 1999. Ɗaya daga cikin wuraren da aka fi yin tuntuɓe shi ne abin da masana nahawu ke kira "participle".

Wannan siga ce ta aikatau wadda kan yi aikin sifa, kuma ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Daga dafa muke samun dafaffe, daga gyara gyararre, daga rubuta rubutacce. Haka Bature ke samun "cooked" da "repaired" da "written". Akwai kuma ta biyu mai ƙarewa da "-ing", wadda ke nuna mai aikin ko aikin da ke gudana, kamar "running water", wato ruwa mai gudu.

Bambancin ba ƙarami ba ne. Jami'in da ya rubuta "the borehole is repairing" ya ce rijiyar burtsatse ce ke yin gyara da kanta. Idan ana kan aikin, sai ya rubuta "is being repaired". Idan an kammala, "has been repaired". A kan irin wannan jimla ce ake sa hannu a biya ɗan kwangila, don haka a kula ƙwarai. Wasu aikatau kuma ba sa karɓar "-ed", sai dai hadda: "paid", "built", "dug", "given". Saboda haka "I have wrote" kuskure ne, "I have written" ne daidai.

Wanda ya fi ɓoyuwa shi ne irin wannan: "Having inspected the culvert, the payment was approved." Bisa nahawu, biyan kuɗin ne ya je ya duba kwalbatin! Abin da ya fi muni, an ɓoye wanda ya duba, ga shi kuwa shi za a nema ranar da kwalbatin ya rufta. Ana shawartar sakatarori da magatakardan dagatai da su ambaci mai aikin nan take bayan waƙafi: "Having inspected the culvert, the engineer approved the payment."