Ramukan da Ke Tsara Fitar Magani

Duk wanda ya taɓa buɗe kafson omeprazole, maganin gyambon ciki, ya ga 'yan ƙwayoyi kamar tsakin gero, kowacce ba ta wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba. A ido sumul suke. Amma da za a tsaga guda a duba da na'urar ƙara girma, sai a tarar da ramuka da lunguna kamar gidan gara.

Ta waɗannan ramuka ruwan ciki yake kutsawa, ya narkar da magani, ya fito da shi. Idan suna da yawa kuma a buɗe suke, nan da nan ƙwayar za ta sallama abin da ke cikinta. Idan kuwa a matse suke, ga kwana-kwana, sai maganin ya riƙa tsattsafowa kamar ruwa a jikin sabuwar randa. A 1963 Takeru Higuchi na Jami'ar Wisconsin a Amurka ya fitar da lissafin wannan al'amari, inda ya sa yawan ramuka da karkacewarsu a ciki. Abin mamaki a lissafinsa shi ne, kafin abin da ya fita ya ninka biyu, sai lokaci ya ninka huɗu, domin maganin da ke can tsakiya tafiyarsa ta fi nisa.

Ramukan ba kara zube suke samuwa ba. Ana kwaɓa garin magani da garin selulos, a matso shi kamar taliya, a gutsuttsura, a mulmula, sannan a busar. A wajen busarwar ake yin ta. Zafin tanda yana sa ƙwayar ta tsuke, ramukanta su ragu. Idan kuwa aka daskarar da ita aka zuƙe ƙanƙarar, gurbin ruwan yana nan a buɗe. Hatta ruwan kwaɓin yana da tasiri: wanda aka haɗa da ethanol ya fi barin ramuka.

Dabarar cusa ɗaruruwan ƙwayoyi a kafso guda ba sabuwa ba ce, tun 1952 kamfanin Smith Kline & French ya fito da Spansule.

Wasu ƙwayoyin kuma ana yi musu riga. Ta omeprazole tana jure tsamin tumbi, sai a hanji take narkewa. Shi ya sa masu ba da magani suke hana taunawa ko dakawa a turmi: haƙori yana fasa riga da lunguna gaba ɗaya, sai tsami ya lalata wani maganin, wani kuma na yini guda ya kwararo cikin jini a lokaci ɗaya.