Shin Ko Kun San? Littattafan Farko da Suka Tsallake Rijiya da Baya

Shin ko kun san cewa Carrie, littafin da ya fito da sunan Stephen King a 1974, daga kwandon shara aka tsamo shi? Malamin sakandare ne a lokacin, a jihar Maine ta Amurka. Ya rubuta shafi uku, ya karanta bai ji sun kwanta masa ba, ya dunƙule ya jefar. Matarsa Tabitha ce ta tsince su, ta warware, ta kaɗe tokar sigari, ta karanta, ta ce tana son jin sauran labarin. Abin da ya tsayar da shi rashin sanin halin 'yammata 'yan makaranta ne, ita kuwa ta ce ya bar mata wannan.

Ko kun san Harper Lee ta taɓa buɗe taga ta watsa rubutunta cikin dusar ƙanƙara a birnin New York? Ta buga wa editarta Tay Hohoff waya tana kuka, ita kuma ta umarce ta ta fita ta tsince su. Kafin nan, a ƙarshen 1956, wasu aminanta miji da mata sun ba ta kyautar kuɗin da ya kai albashinta na shekara guda, don ta ajiye aikin sayar da tikitin jirgin sama ta zauna ta yi rubutu. Haka aka samu To Kill a Mockingbird a 1960.

Duk wanda ya taɓa zama gaban farar takarda kansa ya cushe, ya rubuta layi ya soke, ya tashi ya sha ruwa ya dawo bai ƙara harafi ba, ya san zafin abin. A ganina, abin da aka fi mantawa shi ne ba kasafai marubuci ke fita daga wannan ƙangi shi kaɗai ba. A bayan yawancin littattafan farko akwai wani mutum da ya matsa, ko wata rana da aka yanke aka ce ba a wuce ta.

Mu dawo gida. Shin ko kun san cewa ƙagaggun labaran Hausa na farko a rubutun boko gasa ce ta haife su? A 1933 Rupert East, shugaban Hukumar Fassara ta Zariya, ya zaga garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta labari daga kansu. Ya sha fama, don a wancan zamani ana ganin alƙalami na ilmi ne da wa'azi, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce a dandali. Amma da aka sa rana aka sa kyauta, sai rubuce-rubuce suka iso. Abubakar Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, shekarunsa 22 kacal, ya rubuta Ruwan Bagaja. Wansa Malam Bello Kagara ya kawo Ganɗoki. Daga Bauchi wani malamin makaranta, Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya aiko da Shaihu Umar, kusan shekara 24 kafin ya zama Firayim Minista. Muhammadu Gwarzo ya rubuta Idon Matambayi, John Tafida da East suka haɗa hannu a Jiki Magayi. Babu ɗayansu da ya taɓa ganin irin wannan littafi da Hausa balle ya kwaikwaya, kuma kowa da aikin da yake ci da shi. Duk da haka suka kai ƙarshe.

Gasa ce kuma, ta kamfanin buga littattafai na Arewa da ke Zariya, ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid a 1980, ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa.

Ko kun san saura ƙiris Things Fall Apart ya salwanta? A 1957 Chinua Achebe ya ɗauki rubutun hannunsa, kwafi ɗaya tilo, ya aika wa wani kamfanin buga tafireta a Landan tare da kuɗin aiki. Wata da watanni shiru. Sai da shugabarsa a gidan rediyon Nijeriya, Angela Beattie, ta je hutu Ingila ta taka har ofishin ta yi musu tsiya, sannan aka lalubo takardun aka buga. Kamfanin Heinemann ya fitar da littafin a 1958, kwafi 2,000. Abin da ya fi jan hankalina a nan wani ne daban: asalin labarin dogo ne, ya taso daga kaka har jika. Achebe ya datse shi ya tsaya kan kakan, wato Okonkwo, kaɗai, labarin jikan ya koma No Longer at Ease a 1960. Sau da yawa abin da ke hana littafi ƙarewa shi ne an cusa littafi biyu ko uku a buhu ɗaya, bakin ya ƙi ɗauruwa.

Ralph Ellison bai yi wannan datsewa ba. Littafinsa na farko, Invisible Man, ya fito a 1952 ya ci babbar kyautar littafi ta Amurka. Na biyun ya shafe shekara 40 yana rubutawa, gobara ta cinye wani sashe a 1967, ya rasu a 1994 ya bar shafi fiye da 2,000 ba ƙarshe. Ashe ba rashin abin faɗa kaɗai ke tsayar da marubuci ba, har da rashin sanin inda za a tsaya.

Ba kowane na kusa ke zama alheri ba. Buchi Emecheta ta gama The Bride Price a Landan, ta miƙa wa mijinta ya karanta, ya ƙone shi ƙurmus. Ta fita daga auren da 'ya'ya huɗu da cikin na biyar, tana aiki tana karatun digiri, tana rubutu da asuba kafin yara su tashi. Ta sake rubuta littafin tun daga farko, ya fito a 1976. Duk lokacin da na tuna wannan mata sai in ji nauyin masu cewa ba su da lokaci.

Shin ko kun san Toni Morrison ma da asuba take rubutu, saboda 'ya'yanta maza biyu da aikin ofis? Tana da shekara 39 The Bluest Eye ya fito a 1970. Tushensa ɗan gajeren labari ne da ta rubuta don kada ta je taron wata ƙungiyar marubuta hannu rabbana. Anthony Trollope, ma'aikacin gidan waya a Ingila, yakan ajiye agogo a gabansa tun ƙarfe biyar da rabi na safe, kalma 250 kowane minti 15, ya bar ƙagaggun littattafai 47. Dabarar Ernest Hemingway kuwa ita ce ya ajiye alƙalami yana sane da abin da zai biyo baya, don gobe ya sami bakin zaren.

Ngugi wa Thiong'o a kan takardar bayan gida ya rubuta ƙagaggen labarinsa na farko da harshen Gikuyu, a kurkukun Kamiti na Kenya a 1978.

Marubutan Kano na shekarun 1980 da 1990 sun gano tasu hanyar. Ƙungiyar Raina Kama ta haɗa irin su Ado Ahmad Gidan Dabino, mai In Da So Da Ƙauna, da Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi wa aure tana yarinya, ta koma yaƙi da jahilci, ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987. Littattafan kan fito kashi-kashi, na ɗaya ya shiga kasuwa, kuɗinsa ya buga na biyu. Da zarar na ɗaya ya fita, masu karatu sun riƙa zarya wurin mai sayar da littattafai suna tambayar ci gaba, shi kuma ya hana marubuci sakat. Yau a WhatsApp da Wattpad ake wannan zaryar, inda marubuciya ke sakin shafi kullum, in ta yi kwana biyu shiru saƙonni su cika mata waya.