Injin Tace Ruwa: Mu San Aikinsa Kafin Mu Taɓa Asusu

'Yan'uwa, tambayar da kwamitocin ruwa na ikilisiyoyinmu suke yawan kawowa ita ce ta injin tace ruwa. Jama'a sun yi karo-karo an haƙa rijiyar burtsatse, sai ruwan ya fito da zartsi, ko kuwa haƙoran yara suka soma yin ja. Daga nan 'yan kasuwa su zo da takardun talla, wannan ya ce a sayi RO, wancan ya ce DM ya fi. Kuɗin kuwa na mutanen da suka sayar da kwanon masara ne kafin su bayar.

Dattin ruwa ba iri ɗaya ba ne. Akwai laka, wadda alif ko garin 'ya'yan zogale ke kwantarwa. Akwai ƙwayoyin cuta masu kawo kwalara da taifod, waɗanda tafasawa ko kulorin ke kashewa. Sannan akwai gishiri da ma'adinan da suka narke a cikin ruwa tun daga ƙarƙashin ƙasa. Waɗannan ba su jin wuta. In ka tafasa ruwan zartsi, ruwan ne zai ragu, gishirin yana nan. RO da DM domin wannan datti na uku aka ƙera su.

RO, wato ribas osmosis, matsa ruwa ake yi da ƙarfin famfo ta cikin wata siririyar leda ta musamman da aka nannaɗe kamar tabarma a cikin bututu. Ruwa yana ratsa ta, amma gishiri ba ya iya bi, har takan tare kashi 95 zuwa 99 cikin ɗari. A Amurka aka gano yadda za a yi ledar wajen 1960, kuma a 1965 garin Kolinga na jihar Kalifoniya ya soma shan ruwan da aka tace ta haka. Yau Saudiyya da Isra'ila suna mai da ruwan teku ruwan sha da ita. Matsin ba na wasa ba ne. Iskar tayar mota ba ta wuce ma'auni 2 da ɗan abu ba, amma ruwan teku, mai gishiri giram 35 a kowace lita, yana neman ma'auni 55 zuwa sama. Ruwan rijiya bai kai haka ba, duk da haka sai da wuta, ko ta janareta ko ta hasken rana. Masu yin fiyawata da yawa da irin wannan injin suke aiki.

Abin da takardar talla ba ta cika faɗa ba shi ne ɓarnar ruwa. Gishirin da leda ta tare dole wani ruwan ya wanke shi ya fita. Babban inji mai kyau yakan zubar da kashi ɗaya cikin huɗu, ƙaramin na gida kuwa yakan zubar da lita 3 ko 4 kafin ya ba da lita ɗaya. Ga ƙauyen da rijiyarsa ke ja baya a watan Afrilu, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ledar kuma tana toshewa in ruwa na da laka ko tsatsa, kulorin yana lalata ta, ko an kula da ita sai an canja ta bayan 'yan shekaru.

DM kuma cire ma'adinai ne ƙarƙaf. Ruwa yana bi ta cikin tankuna biyu cike da ƙananan ƙwayoyin roba masu kama da gero. Ƙwayoyin suna kama ma'adinan da ke cikin ruwan, har ya fito kusan babu komai a cikinsa. In sun ƙoshi, sai a wanke tanki ɗaya da asid, ɗayan da soda irin ta masu yin sabulu. Wannan ruwa na masana'antu ne. Kun san farin abin da ke daskarewa a gindin buta. In irinsa ya taru a tukunyar tururi ta tashar lantarki, kamar ta Egbin a Legas, bututu zai fashe. Shi ne kuma irin ruwan da ake ƙara wa batirin mota. Amma DM ba ya kashe ƙwayar cuta, har ma ƙwayoyin cuta kan hayayyafa a cikin tankin. A ganina babu dalilin da zai sa ƙauye ya saye shi domin sha, balle a ajiye jarkar asid a inda yara ke ɗiban ruwa.

Inda maganar ta yi nauyi shi ne fuloraid. Ba shi da launi, ba shi da ɗanɗano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 a lita. In ya wuce, haƙora sukan yi ja, kamar yadda aka sani a yankunan Langtang da Kaltungo. In ya yi yawa ƙwarai yana lanƙwasa ƙashi. Haka ya faru a Tibiri kusa da Maraɗi, inda wata rijiya ta nakasa ɗaruruwan yara kafin a gane. RO yana cire fuloraid sosai. Akwai kuma hanya mai sauƙin kuɗi: ƙashin shanu da aka ƙona ya zama gawayi, a daka, a zuba a tanki ruwa ya bi ta ciki. Darikar Katolika a Nakuru ta ƙasar Kenya ta yi shekaru tana haɗa wa ƙauyuka irin wannan matata. Ba ta neman wuta, sai dai a riƙa canja gawayin in ya ƙoshi.

Saboda haka kafin kwamiti ya karɓi takardar kowane ɗan kasuwa, a ɗebi ruwan a kwalba mai tsabta a kai ɗakin gwaji na hukumar ruwa ta jiha ko na jami'a, a nemi sakamako a rubuce kan ƙwayoyin cuta, gishiri, fuloraid da ƙarfe. In ƙwayoyin cuta ne kaɗai, kulorin da gyaran bakin rijiya da tulu mai murfi sun isa. In sakamako ya nuna sai RO, a tambayi mai sayarwa lita nawa injin ke zubarwa, nawa ne kuɗin sabuwar leda, kuma a wane gari mai gyara yake zaune. Ruwan da injin ya zubar kada a kai shi lambun zumuntar mata, domin gishirinsa ya fi na farko, yana iya kashe ƙasa.