Falanko: yadda ake rataye keke a tsaye ba tare da ɓarke katangar ƙasa ba

A ƙasar Damargu, daga Tanut zuwa Belbeji, babura sun yi yawa amma keke bai bar gidaje ba. A ƙauyukan ƙaramar hukumar Falanko da ke gundumar Tanut, cikin jihar Damagaram, shi ne abin hawan ɗan makarantar da sakandare ta yi wa nisa, da mai ɗauko jarkar ruwa, da ɗan kasuwar da jarinsa bai kai na babur ba. Ba ya shan mai, sai dai idan ya lalace, yawancin kayan gyaransa daga Damagaram suke fitowa.

Babban abin da ke cin keke a yankin shi ne wurin kwanansa. A tsakar gida ake jingine shi, rana ta dake shi wuni guda har taya ta tsattsage, awaki su tauna sirdi, iskar hunturu ta cika sarƙa da rairayi. Idan kuma aka shigar da shi ɗaki, keken babba yana da tsawon kusan mita 1 da santimita 80, wato ya cinye wurin shimfiɗar mutum guda. Shi ya sa dabarar tsayar da shi a jikin bango take da amfani: a ɗaga tayar gaba sama, a saƙala garen cikin ƙugiya, tayar baya tana ƙasa. A haka abin da yake turowa daga bango bai fi mita 1 da ɗan wani abu ba, kuma yana shiga kusurwar da ba a yin komai da ita. A Faransa haka ake jera kekunan matafiya cikin jiragen ƙasa da dama.

Wasu na tsoron kada garen ya lanƙwashe. Wannan tsoro ba shi da tushe. Garen da ke ɗaukar magidanci mai kilo 70 da kaya a bayansa ba zai gaza riƙe nauyin keken kansa ba, ko da irin Phoenix ɗin nan na ƙasar Sin ne, mai kusan kilo 20. Abin kiyayewa kawai shi ne a naɗe ƙugiyar da tsohuwar robar tub don kada ƙarfe ya goge ƙarfe, kuma a saƙala ta tsakanin wayoyi biyu, nesa da bakin da ake hura iska.

Matsalar tana jikin bangon. Hotunan da ake gani a Facebook na kekuna rataye a falo, gine-ginen siminti da kankare ne. Galibin ɗakunan Falanko kuwa na tubalin ƙasa ne, wasu gidajen ma darnin kara ne ya kewaye su. Keken da ke tsaye ba ƙasa kaɗai yake jan ƙugiya ba. Tunda nauyinsa yana can wajen rabin mita daga bango, kullum yana neman faɗowa ta baya, saboda haka yana fizgo ƙugiyar waje da ƙarfin da ya kai kusan rabin nauyinsa. Keke mai kilo 20 yana jan ƙusa waje kamar an ɗaura mata kilo 10, dare da rana, ga kuma girgizar ɗorawa da saukewa. Ƙasa tana jure danniya, shi ya sa take ɗaukar rufin soro, amma ba ta riƙe abin da ake zarowa daga cikinta. Ramin ƙusar yana faɗaɗa a hankali, idan damina ta kankama a watan Agusta bango ya sha laima, sai wata rana ta fito da ɓangaren yaɓe, keken ya faɗo. A ɗakin da yara ke kwana a ƙasa, wannan ba ƙaramin hatsari ba ne.

Hanya mafi sauƙi ita ce a bar katangar ta huta. A haƙa rami mai zurfin santimita 50 zuwa 60 daf da bango, a kafa dirka mai ƙwari wadda za ta tashi mita 2 daga ƙasa, a cika gindinta da tsakuwa da ɗan siminti. A jikin dirkar ake kafa ƙugiya. Maƙeri ko mai walda zai lanƙwasa ta daga guntun rodi na milimita 8 ko 10, ba sai an yi odar komai daga birni ba. A shafa wa gindin itacen baƙin mai kafin a binne shi, don gara ba ta raina icen da ya taɓa ƙasa. Wanda zai sari ice ya tuna cewa dokar gandun daji ta shekarar 2004 tana aiki, kuma gawo yana cikin itatuwan da aka kare. Sayen guntun bututun ƙarfe ya fi rikici da ma'aikatan daji arha. Wannan dirka tana yi har ƙarƙashin rumfa, a gidan da babu katanga sam.

Wanda ya nace sai jikin bango, to ya huda shi gaba ɗaya, ya zura dogon noti, ya sa katako a ciki da waje don nauyin ya bazu. Mai sabon gini kuma ya gaya wa magini ya binne guntun azara a kwance cikin tubali tun ana ɗora bango. A ɗakin bulo ma akwai tarko, domin bulon yana da rami a ciki, kuma ƙusar da ta faɗa ramin ba ta riƙe komai.

Tsayin ƙugiya shi ne abin da aka fi kuskurewa. Kada a ƙiyasta da ido. A tayar da keken a kan tayar baya, a manna shi da dirkar, a sa alama inda garen gaba ya tsaya. Idan tayar baya ta zauna a kan ɗan bulo ko katako, ƙasa ce ke ɗaukar nauyin, ƙugiya kuma aikinta kawai hana faɗuwa. Hakan yana sa yaro ɗan shekara 12 ya iya ajiye kekensa da kansa: ya matse birkin baya, ya ja kan keken sama, ya tura shi a kan taya ɗaya har wurin.

Gidan da ke da keke biyu ko uku ya bar tazarar santimita 40 tsakaninsu, ya ɗaga na tsakiya da kamar santimita 25 don kawunan kada su sarƙe. Kan keke da feda suna tsayawa daidai fuskar ƙaramin yaro, saboda haka kusurwa ta fi bakin ƙofa. Bayan ruwan farko na kowace shekara, a kama dirkar a girgiza ta. Idan ta yi motsi, a sauke keken a ƙara mata tsakuwa kafin a mayar.