Kitsen da Ya Ƙi Narkewa a Zafin Abijan

Mai karatu, idan kana zaune a unguwar Arras ta Treichville, ko kana zuwa cefane kasuwar Adjamé, ka san zafin rana a wurin. Man shanu kan narke kafin ka kai shi gida. Amma ga wani farin kitse a roba ko gwangwani, ya yi watanni a kan kanta babu firiji, bai narke ba, bai yi wari ba. Ka taɓa tambayar dalili?

Wani lokaci kitsen alade ne, wanda ake rubutawa da Faransanci saindoux. Da yawa cikin masu karanta ɗan littafin nan ba sa cin alade, don haka ganin kalmar kaɗai ya ishe su. Akwai kuma gidajen da suke girki da shi. Maganar ta shafi kowa, gama abin da ake yi wa kitsen alade shi ake yi wa man tsirrai da ake haɗa wasu irin bota da kitsen yin kek da biskit.

A masana'anta ana zafafa mai, a zuba ɗan garin ƙarfen nikel, a hura masa iskar haidurojin. Wani Bajamushe mai suna Wilhelm Normann ne ya yi rajistar dabarar a 1902. Mai yakan yi tauri, ya daɗe bai lalace ba, abin da ɗan kasuwa ke so ke nan. Matsalar tana zuwa idan aka tsayar da aikin a rabin hanya. A nan ake samun abin da likitoci ke kira kitsen tarans. Yana ƙara mugun maiƙo a cikin jini, yana rage mai kyau, sannu a hankali jijiyoyin zuciya su cushe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce kamar giram 2 a yini, kuma tun 2018 take kiran ƙasashe su kawar da shi daga abinci.

To, yaya za ka gane?

Fara da takardar da ke jikin robar, inda aka jera kayan haɗi. Nemi kalmar hydrogéné. Idan ka ga partiellement hydrogéné, wato an yi aikin rabi, mayar da shi kan kanta. A kayan da suka fito daga Ghana ko Najeriya za ka ga partially hydrogenated, ma'anarsu ɗaya. Idan an rubuta totalement hydrogéné, an kai aikin ƙarshe ke nan, kitsen tarans ɗinsa kaɗan ne ƙwarai, ko da yake har yanzu daskararren kitse ne mai nauyi ga zuciya. Lambobin E320 da E321 sinadaran hana wari ne. Ba su tabbatar da komai game da haidurojin ba, sai dai suna nuna an yi kayan don ya daɗe a kanti.

Ido da hanci suna taimakawa kaɗan. Kitsen alade da aka narkar a gida yana da laushi, a zafin Abijan yakan yi ruwa-ruwa, yana ƙanshin nama, kuma ba ya jimawa a waje sai ya fara wari. Wanda aka daskarar fari ne fat, ba shi da ƙanshi, yana tsayawa kamar kyandir, yakan bar maiƙo a ganɗa bayan ka ci. Amma kada ka dogara da wannan. Man kaɗe da kitsen shanu da daskararren ɓangaren man ja duk suna da tauri tun asalinsu. Idan kuma an gauraya kaɗan ne cikin mai kyau, ba idon da zai gani, sai ɗakin gwaji.

Shi ya sa wanda ya fi damun mu shi ne kitsen da ake ɗiba daga babban bokiti ko kwali a ƙulla a leda. Danmak ta kafa doka a 2003, Tarayyar Turai ta bi a 2021, Najeriya a 2023: kada kitsen tarans ya wuce giram 2 cikin giram 100 na mai. Amma kayan Adjamé daga ƙasashe da yawa suke zuwa, ledar kuwa ba ta faɗin inda ta fito. Ka roƙi mai sayarwa ya nuna maka kwalin. In babu, ka haƙura.

Ko kitsen aladen da ba a taɓa ba, kusan kashi 40 cikin 100 nasa daskararren kitse ne. Idan kana da hawan jini ko ciwon sukari, ko a gidanku an taɓa yin ciwon zuciya, ka yi girkin yau da kullum da mai mai ruwa, kamar man gyaɗa ko na waken soya, shi ma daidai gwargwado. In ba ka karanta Faransanci, ka zo da robar ranar da za a auna maka jini, ma'aikacin jinya zai karanta maka.