Toka A Cikin Siminti: Dabara Ce Ko Algus?

Duk wanda ya taɓa ɗora bulo a kan bulo a ƙasar Gumel ya san siminti ne ke cinye kuɗin gini. Yashi kam Allah ya hore mana, gama daga Gagarawa har Maigatari jigawa ce. Amma siminti sai an ɗauko shi daga nesa, kuɗin mota kuwa a kan mai gini yake ƙarewa. Saboda haka muka ga ya kyautu mu ba masu karatu labarin wata dabara ta rage shi.

A ƙasashen da ke ƙona kwal don samun lantarki, akwai wata toka mai laushi kamar gari wadda ke bin hayaƙi, akan tare ta kafin ta fita. Da can zubarwa ake yi. Daga baya injiniyoyi suka gane ana iya cire kamar kashi 15 zuwa 30 cikin 100 na siminti a maye gurbinsa da ita. Da irin wannan kankare aka gina madatsar ruwa ta Hungry Horse a Amurka, daga 1948 zuwa 1953.

Ga yadda abin yake. Idan siminti ya sha ruwa, yakan saki wani sinadari dangin farar ƙasa wanda ba ya ƙara wa kankare wani ƙarfi. Tokar nan sai ta haɗu da shi, su zama danƙo mai toshe ƙananan kafofin kankaren. Da fari ƙarfinsa na tafiyar hawainiya, amma bayan wata uku yakan kamo na siminti zalla, har ya wuce shi.

Kada mu ɗauka Turawa kaɗai ke da wannan basira. Kakanninmu sun san laso. Sukan kwashe katsi daga gindin karofi, wanda asalinsa toka ce da baba, su busar, su ƙona, su daka, kana su gauraya da gashin jima da ruwan dafara. Da shi ake shafe ramukan rini da rufin soro, ruwa bai ratsa su.

To, ina za mu samo tokar kwal? Tashar lantarki ta Oji kusa da Inugu, wadda aka buɗe a 1956, ta daɗe da mutuwa. Ta kamfanin SONICHAR a Nijar, wadda ta soma aiki a 1981, can arewa da Agadas take. Kuɗin dako zai cinye ribar. Abin da ke kusa da mu shi ne ƙaiƙayin shinkafar kwarin Haɗeja, wanda ke jibge bayan injinan casa. In an ƙona shi a hankali, zafi bai wuce awo 700 ba, aka niƙa shi lilis, tokarsa na yin aiki irin na tokar kwal.

Sai dai a yi hattara. Tokar murhu ba ita ake nufi ba. Wanda ya zuba ta a bulo algus ya yi, kuma ran ɗalibai ne a ƙarƙashin rufin. Na biyu, kankare mai toka na bukatar ban ruwa aƙalla kwana bakwai. A wuri kamar Sule Tankarkar, inda rana ke da zafi, iskar hunturu ke busar da komai, wanda ya yi rowar ruwa ya yi asarar simintinsa duka.

Shawararmu ga ma'aikatan ƙananan hukumomin nan huɗu ita ce a soma gwaji da ƙananan ayyuka, kamar daɓe da katanga, a kai samfuri ɗakin gwaji a auna kafin a taɓa ginshiƙi. Malamai kuma su nuna wa yara yadda laso yake, tun masu saninsa ba su ƙare ba. Sannu ba ta hana zuwa.