Man Zaitun, Kitsen Hanta da Tsawon Rai

Mai karatu ya san man zaitun. Alhazai kan zo da shi tsaraba, masu sayar da magungunan Musulunci kan jera shi kusa da zuma da habbatus-sauda, wasu kuma kan sha cokali guda da sassafe don neman lafiya. A ƙasashen bakin Tekun Bahar Rum kuwa, inda itacen ya fi yawa, man girki ne kurum, kamar yadda man gyaɗa yake a wurinmu. To, a irin wannan amfani na girki ne masana suka fara lura da fa'idarsa.

A shekarar 1958 wani masani Ba'amurke, Ancel Keys, ya soma nazarin abinci da ciwon zuciya a ƙasashe bakwai. Abin da ya ba da mamaki shi ne mutanen tsibirin Kirit na ƙasar Girka: abincinsu cike yake da maiƙo, amma ciwon zuciya bai cika kashe su ba, kuma galibin maiƙon nan na zaitun ne. A 2022 masanan Jami'ar Harvard suka fitar da sakamakon bibiyar mutum fiye da 90,000 har tsawon shekara 28. Waɗanda ke cin fiye da rabin babban cokali a kullum, haɗarin mutuwa a cikin wannan lokaci ya ragu musu da kashi 19 cikin ɗari idan an gwada da waɗanda ba su cika ci ba. Sai dai a lura, bibiya ce kawai aka yi, kuma mai sayen man zaitun a Amurka sau da yawa mai hali ne da ke kula da jikinsa ta wasu hanyoyi.

Batun hanta ya fi wannan fitowa fili. Hanta ce ke sarrafa maiƙo da sukarin da muke ci. Idan abin ya yi mata yawa sai ta riƙa tara kitse a cikin ƙwayoyinta, kuma da zarar kitsen ya haura kashi 5 cikin ɗari, likitoci kan ce cuta ta samu. An ƙiyasta kusan kashi 30 cikin ɗari na manyan mutanen duniya suna ɗauke da ita, musamman masu teɓa da masu ciwon sukari, ko da ba su taɓa kurɓar giya ba. Mugun halinta shi ne shiru. Mutum zai yi shekaru yana harkokinsa, alhali a wasu mutanen hantar tana kumbura, tana yin tabo, har ta ƙandare ta kasa aiki.

Wani gwaji da aka yi a ƙasar Finlan, aka buga a 2018, ya nuna cewa maiƙo suna suka tara. An ƙara wa mutum 38 abinci na kalori 1,000 a kullum har mako uku. Waɗanda aka ƙara wa maiƙo mai daskarewa, irin su man shanu da man kwakwa, kitsen hantarsu ya hau da kashi 55 cikin ɗari. Masu ƙarin sukari, kashi 33. Masu maiƙo maras daskarewa, ciki har da man zaitun, kashi 15 kacal. Mai karatu ya dubi adadin ƙarshen nan da kyau: shi ma hawa ya yi. Wato man zaitun da aka ɗora a kan abincin da ya riga ya yi yawa ba ya wanke hanta, domin babban cokali guda yana ɗauke da kalori kusan 120, daidai da kowane mai.

Inda amfaninsa ya bayyana shi ne wajen musanya. A Ostireliya, a wani gwaji da aka buga a 2013, an sa masu wannan cuta 12 a kan abincin Bahar Rum na mako shida, wato ganyaye da wake da kifi da man zaitun a madadin kitsen dabba. Kitsen hantarsu ya ragu da kashi 39 cikin ɗari, ba tare da sun rame ba. Mutum 12 dai ba su da yawa, shi ya sa har yanzu shawarar farko da likitoci ke bayarwa ita ce a rage nauyin jiki da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari, a motsa jiki, a kuma rage lemon kwalba.

Wanda tsadar man zaitun ta fi ƙarfinsa, ya sani cewa sinadarin da ya fi yawa a cikinsa, wanda ake kira oleyik, shi ne kuma ya fi yawa a man gyaɗa. Manja kuwa kusan rabinsa maiƙo ne mai daskarewa, abin da kowace uwargida ta shaida idan ta ga yadda yake yin barci a kwalba da sanyin hunturu.